Ranar Alhamis, Kada Ki Sauka

Bur Sa'id, ranar Litinin, tsakanin fito da fito.

Ya ke Ratiba, hasken idona, sanyin hantata, iskar arewa mai shigowa bayan la'asar sa'ad da rana ta gama gasa mutanen gari! Ya ke fitilar bakin teku, wadda ɓatacce ke hangowa ya yi hamdala! Ya ke ruwan daɗi a garin da ko ƙasarsa gishiri ce! Ya ke farar kwasakwasar tafkin Manzala mai tafiya a natse, wadda ko ranta ya ɓaci ba ta ɗaga murya, sai dai ta juya wa mutum ƙeya! Sallama irin ta masoyi, da gaisuwa mai yawan jiragen da suka cika tashar nan tun da yaƙi ya ƙare, daga bawan Allah Atiyya, matuƙin jirgin fito mai lamba biyu, wanda yau kwana goma sha tara ke nan bai ga komai naki ba sai bayan mayafinki.

Ki yi haƙuri da rubutun. A kan akwatin sitiyari nake yin sa, cikin 'yan mintocin da wasu fasinja ke sauka wasu ke hawa. Duk inda kika ga layi ya karkace ba kuka nake ba, wani ƙaton jirgin kwal ne ya wuce ya girgiza mu. Kukan yana can gaba, za ki iske shi.

Labari ya iso ni. Ba a ɓoye wa mai fito komai, don duk gulmar gaɓa biyu ta kan jirginsa take ƙetarewa kyauta. An ce an ƙara wa yayanki Mitwalli Afandi girma a reluwe, an mai da shi Zaƙaziƙ, kuma ke da bakinki kika ce za ki bi shi, ranar Alhamis ɗin nan, a jirgin ƙasa na ƙarfe takwas da minti goma na safe, har an naɗe keken ɗinkinki a bargo. Zaƙaziƙ, Ratiba! Me aka ajiye a Zaƙaziƙ ban da auduga da ƙuda? Garin da in mutum ya buɗe taga ba abin da zai gani sai ɓauna tana tuƙa tana kallonsa? Wa zai kawo miki kifi yana motsi? Wace jiniya ce za ta gaya miki gari ya waye? Ke da aka haifa da kukan jiragen ruwa a kunne, wallahi shirun garin nan kaɗai ya isa ya sa miki ciwon kai. In kin tafi, ni kuma in yi yaya? Ga shi tun yanzu shayi ya daina yi mini ɗanɗano, jiya ma na gai da akuya a kan jirgi ina zaton wani dattijo ne.

Kin tuna ranar lalo? Ni dai ko an tashe ni daga barci zan karanto ta. Bara ne, a tsakiyar zafi, lokacin da kwalta ke kama takalmi. Kin san jirginmu ba a biyan ko milim ɗaya, kuma tun da aka kafa shi ba a taɓa cewa wani ya sauka ba. Shi ne lambun talakawan Bur Sa'id da Bur Fu'ad: tsofaffi su hau su yi gyangyaɗi, masu jego su kawo jarirai su sha iska, wanda matarsa ta kora ya zauna ya yi ta kai da komo har ta huce. Ranar kika hau daga gaɓarku ta Bur Fu'ad, kika zauna a bencin da ke gindin matakala da kwandon lalo a cinya, kina tsinke ganye. Muka isa Bur Sa'id, kowa ya sauka, ke ko motsi.

Jirgin nan namu ba shi da gaba ba shi da baya, ba ya juyawa. Sitiyari biyu gare shi, ɗaya a kowane ƙarshe, saboda haka duk sa'ad da muka taɓa gaɓa sai in sauko daga wannan, in ratsa tsakiyar jirgi, in hau wancan. Sau arba'in a rana, shekara goma sha shida, ban taɓa ɗaga kai na dubi fuskar fasinja ba. Ranar na zo wucewa na ce, "Baiwar Allah, mun iso." Ko kallona ba ki yi ba kika ce, "Na gani, Rayyis. Iskar ce ban gama sha ba." Minti goma na yi a kan sitiyari ina neman abin da zan mayar. Da muka isa ɗaya gaɓar na zo wucewa na ce, "Iskar ta hukuma ce, a sha a rage wa na baya." Kika ce, "To in ta ƙare ka aiko mini da sammaci." Sau bakwai kika ƙetare ranar. A na bakwai lalo ya ƙare, ni ma na ƙare.

Wasu masoya suna da inuwar lambu, wasu suna da hasken farin wata, mu taku goma muka samu tsakanin sitiyari da sitiyari, da magana ɗaya duk minti goma. Amma wace irin magana! Kowace sai da ta dahu a ƙirjina daga gaɓa zuwa gaɓa kafin in kawo miki ita. Tambayar sunanki ta ci fito biyu. Sanin cewa mijinki ya rasu kina zaune gidan yayanki kina ɗinki, wannan ya ci safiya guda. Wata rana kika ce mini, "Na rantse ba zan ƙara auren mutumin ruwa ba." Na ce ai ni mutumin ruwa ne a suna kawai, ga teku can kullum ina hango ta ban taɓa shiga ba, har matuƙan manyan jirage suna ce mini direban faranti. Kika yi dariya kika rufe baki da gefen mayafi. Dariyar nan ta ɗauke mini hankali, har ban tambaye ki dalilin rantsuwar ba. Neman aurenki kuwa fito huɗu ya ci, don a na uku wani mai amalanken kankana ya tsaya a tsakaninmu yana faɗa da jakinsa. A na huɗu kika ce, "Je ka ga Mitwalli. Amma ka zo a kan lokaci, mutumin agogo ne."

Yanzu bari in gaya miki abin da ya faru ranar Larabar nan, tiryan-tiryan, don na san kin ji shi a baki goma, kowane baki da nasa gishirin.

Mitwalli Afandi ya ce ƙarfe goma na safe. Tun ƙarfe tara ina bakin gaɓa, awa guda cur saboda tafiyar minti goma. Na ɗauki hutu, na sa kwat, na kafa sabuwar jar dara, na riƙo farantin tagulla na marigayiya mahaifiyata cike da basbusa, wainar zaƙin nan tamu, tana ƙyallin zuma. A ƙarƙashin basbusar, a tsakiya, na binne munduwar zinariyar da na yi miki, don in kin sa wuƙa ki ci karo da ita ki yi mamaki. Dabarata ce, ban shawarci kowa ba, kuma ba na fatan a koya.

Ina sa ƙafa a bakin gaɓa aka ɗaga jar tuta. Jiragen sojoji ne masu komawa gida Hindiya da Ostareliya suka jeru za su shiga mashigi su yi kudu, goma sha ɗaya, wani na bin wani kamar shanu za su mashaya. Kin san doka: jirgin fito ba ya gitta gaban babban jirgi. Ni ne ma mai tsare dokar. Shekara goma sha shida ina hana likitoci da ungozomomi da angwaye ƙetarewa ina ce musu haƙuri maganin zaman duniya, sai ranar na gane maganin nan ya fi daɗin bayarwa. Ga barandarku can ina hangowa a tsallake, tazarar da ko tari na yi za ki ji. Tara da kwata, jirgi na biyu. Tara da rabi, jirgi na huɗu. Zuma ta fara bin hannun kwat.

Ana haka Shaiɗan ya iso a kwalekwale, ya ari fuskar Dusuƙi. Kin san shi, ɗan kasuwar kan ruwan nan mai haƙorin azurfa, cikin masu tuƙawa gindin manyan jirage su jefa igiya sama, su aika da kaya a kwando a sauko musu da kuɗi. Ya ce, "Hau, Rayyis! Tsakanin jirgi da jirgi akwai hanyar da raƙumi zai wuce da kayansa. Minti biyar kana gaban surukinka kana shan shayi." Ni da na san sauri ya haifi nawa, ni da ke tsinar masu wannan ganganci daga saman sitiyari kullum, na naɗe ƙafar wando na hau. Saboda ke na hau, Ratiba. Ba laifinki ba ne, amma ki sani.

Mun wuce bayan jirgi na biyar lafiya. Muna tsakiyar ruwa na shida ya taso mana kamar tsauni, sojoji sun jeru a bakinsa daga kai har gindi, suna fito da baki suna kaɗa takardun kuɗi. Na dubi fuskar Dusuƙi na ga ta sauya. Hali zanen dutse! A ajiye ɗan kwalekwale a ƙarƙashin soja dubu masu albashin shekara biyar a aljihu, sannan a ce masa tuƙa ka wuce? Ai an ba kura ajiyar nama. Ya ce, "Minti ɗaya, Rayyis, albarkacin iyayenka." Kafin in buɗe baki igiya ta tashi, an cafe ta a sama. Kwando ya hau da jakunkunan fata, ya sauko. Ya hau da raƙuman katako, ya sauko. Kaya suka ƙare, sojoji ba su ƙoshi ba, sai na ji iska a tsakar kaina, ashe dara ce ta tafi Ostareliya. Igiyar ruwa ta buge mu, na saki faranti na kama gefen kwalekwale da hannu biyu, ina ɗaga kai na ga farantin uwata yana hawa sama yana lilo. Dusuƙi ya ce, "Haba Rayyis, basbusa ce fa, sai mu sayi wata! Ka ga abin da suka bayar kuwa?" Na ce masa munduwar tana ciki. Ban taɓa ganin haƙorin azurfa ya dushe ba sai ranar.

A nan zan faɗi gaskiya ko da a kaina ne. Ba Dusuƙi ya ɗaure igiyar ba. Ni na naɗe ta a hancin kwalekwale, na ƙulle ta ƙullin da ba ya kwancewa, na rantse duk wanda ya taɓa ta zai kwana da kifi. Jirgi kuwa bai san muna yi ba, ya ci gaba da tafiyarsa, mu muna biye kamar ɗan maraƙi.

Haka muka wuce ta gaban barandarku. Goma saura minti biyar, Ratiba! A shaida, a gaya wa Mitwalli Afandi, na iso ƙofar gidanku saura minti biyar, tsayawa ce kawai ban samu yi ba. Na gan ki a tsaye cikin shuɗiyar rigar nan da kika ɗinka don ranar. Na miƙe a cikin kwalekwale, kai ba hula, na ɗaga miki hannu ina ihu, "Ina zuwa! Yanzu zan dawo!" Ba ki ɗaga naki ba. Kika yi baya, kika ja tagogin katako kika rufe.

Kilomita goma sha huɗu aka ja mu. Dusuƙi yana jin harsuna bakwai, amma a kowanne farashi kawai ya iya faɗa, saboda haka duk ihun da muke yi sojoji suka ɗauka waƙar bankwana ce, suna tafi suna jefo mana ɓawon lemo. Sai a Ras al-Ush kwando ya sauko. Faranti fes, an lashe shi har yana ɗaukar ido, munduwa a tsakiya da ɗan loɓa a gefe. Na ɗaga kai na ga wani ƙaton soja mai rawani ya dafe muƙamuƙi da hannu ɗaya yana sara mini da ɗayan. Allah ya kai shi gida lafiya, mai amana ne, ko da yake ya bar haƙori guda a Masar.

Na bar Dusuƙi ya tuƙo abinsa shi kaɗai, ya ji a jikinsa. Na hau gaɓa, taɓo ya karɓi takalmi ɗaya, na taka zuwa 'yar tashar jirgin ƙasa da ke bin gefen mashigi, na zauna a rana har jirgi ya zo. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa hawa jirgin ƙasa ba sai ranar, kuma ban ga abin da mutanen reluwe ke yi wa taƙama ba. Ƙarfe uku da minti goma sha ɗaya muka shiga tashar Bur Sa'id. Wa zan gani a tsaye a bakin layi? Yayanki. Ya jira ni awa biyu a gida, sannan ya ƙetaro aikinsa na yamma, a jirgina kuwa. Ya dube ni, kai ba hula, ƙafa ɗaya ba takalmi, faranti a hammata. Ya zaro agogo daga aljihu ya buɗe murfin a hankali, kamar alƙali zai karanta hukunci. Ya ce, "Awa biyar da minti goma sha ɗaya, Rayyis Atiyya. Mun sa rai za ka zo mana ta ruwa daga yamma, sai ga ka ta ƙasa daga kudu. Jirgin da ya kawo ka dai a kan lokacinsa ya iso, sai ka gode masa." Na fara bayani, ya rufe murfin agogon ya ce, "Ƙanwata ba kaya ba ce da za a bari a tasha ana jiran mai shi."

Tun daga ranar kika koma hawa jirgi mai lamba ɗaya. In muka haɗu a tsakiyar ruwa, naku na zuwa nawa na komawa, sai ki juya ki fuskanci teku. Duk tashar nan kuwa ta samu abin yi. 'Yan dako suna tambayata yaya na baro Bombay. Masu awon kaya sun sa mini suna Rayyis na Ostareliya. Ni kuma, in faɗa miki gaskiya, fushi na yi ta yi da ke. Na ce ashe jinin reluwe ne a jikinta ita ma! A kan makarar awa biyar za a yar da mutum, bayan shekara guda yana dafa magana daga gaɓa zuwa gaɓa? Sati biyu ina kai ƙararki wajen duk wanda ya tsaya kusa da ni, har da wani Bagirke da ba ya jin Larabci.

Shekaranjiya Usta Girgis, makanikin jirginmu, mutumin da ke magana sau biyu a shekara, ya hawo daga ɗakin inji yana goge hannu da tsumma. Ya tsaya a bayana ya ce, "Rayyis, ba zagi ba, amma kai jaki ne." Na ce na gode, da wane dalili? Ya ce, "Daga wace baranda Ratiba ta ɗaga wa mijinta Abdul-Maula hannu? Ta wace kwana jirginsa ya ɓace mata?" Ya juya ya koma ƙasa, ya bar ni da sitiyari.

Wayyo Ratiba! Wayyo ni da wautata! Na san mijinki mai zuba wa inji kwal ne a jirgin kaya, na san a shekara ta biyu ta yaƙi ya tafi bai dawo ba, na san har yau ba ki da kabarin da za ki ziyarta. Duk na sani, amma ban taɓa haɗa su wuri guda ba. Ban taɓa tunanin ta gaban barandar nan ya wuce ba, ya yi kudu, ya ɗaga miki hannu ya ce yana zuwa. Ni da na yi miki alkawarin ni ba irinsu ba ne, ni da kika karya rantsuwa saboda ni, sai ga ni ranar neman aurenki a bayan jirgi, ta wannan kwana, da wannan hannu, da wannan magana! Ashe ba makara ce ta rufe tagar nan ba, tsohon gyambo na fama. Ni ina can ina kare zinariya, ke kina nan kina kallon abin da kika taɓa gani. Na ji kunya, na ji baƙin ciki, na yi kuka a kan sitiyari a gaban fasinja, har na daki gaɓa da ƙarfin da ya watsar da kejin kajin wata tsohuwa. Ki yafe mini. Ba don munduwa ba, ba don Mitwalli ba, don hannun nan da na ɗaga nake neman gafara.

Yanzu ga maganar Alhamis. Ranar Laraba za a ja mai lamba ɗaya zuwa wurin gyara a kankare shi a yi masa fenti. Ranar Alhamis ba jirgin fito a kan ruwa sai nawa. Ke da Mitwalli Afandi da agogonsa da keken ɗinki ba ku da hanyar zuwa tasha sai ta hannuna. Duk tashar nan ta san haka, kuma kowa ya zo da gudummawarsa. Usta Girgis ya ƙarar da maganarsa ta baɗi, ya ce inji tsoho ne, yana iya kamuwa da tari a tsakiyar ruwa. Dusuƙi ya zo da hannu duk kantar tuƙin kwalekwale, ya ce yana da wata igiya da ta san hanyar farfela. 'Yan dako sun ce keken ɗinki abu ne mai laushi, ba a gaggawa da shi, yana iya cin awa guda daga gaɓa zuwa tasha. Ni kaina ba zan ɓoye miki ba, na je ofishin masu tuta na duba jerin jiragen da za su shiga mashigi ranar Alhamis da safe. Ko ɗaya babu. Ranar da ba na so an turo mini goma sha ɗaya, ranar da nake roƙon Allah ko ɗan jirgin albasa ne, ruwa wayam!

Na gode wa kowa, na ce ba na so. Macen da ta zauna don jirgin ƙasa ya bar ta ba zama ta yi ba, jiran na azahar take, ga ƙarin haushi. Kuma na gaji da dabara, ta ƙarshe da na yi ta ci wa bawan Allah haƙori.

Saboda haka ga alkawarina. Fiton ƙarfe bakwai da rabi zai tashi ƙarfe bakwai da rabi, da agogon Mitwalli Afandi, ya riƙe shi a buɗe in yana so. Takwas saura minti ashirin zan taɓa gaɓar Bur Sa'id a hankali, ko ƙwai aka ajiye ba zai fashe ba. Za a sauke gada, za ku sami rabin awa cif. Da hannuna zan kai ki inda za ki bar ni, a kan lokaci, don ki ga sau ɗaya a rayuwarki mutumin ruwa ya ce zai iso kuma ya iso.

Ga roƙona kuma, ya ke ruwan sanyi, ya ke inuwar la'asar. Ban ce ki rubuto amsa ba. Ban ce ki yi gardama da yayanki a gaban mutane ba. Ban ce ki kalle ni ba ma, na saba da bayan mayafin. Abin da kika yi ranar lalo shi kaɗai nake roƙo. In kowa ya tashi, kada ki tashi. In an sauke gada, kada ki sauka. Ba a taɓa korar kowa daga jirgin nan ba, kuma Afandi, duk da girman da aka ƙara masa, ikonsa a bakin layin dogo ya tsaya. Ba zai mutu da yunwa a Zaƙaziƙ ba, akwai mata a can, ya nemi wadda ke son a ƙirga mata minti. In ya yarda ya dawo ɗaura aure, ya sa lokacin da ya ga dama, zan je tun jajibiri in zauna a ƙofar gidan.

Za ki tarar da damin lalo sabon tsinka a kan bencinki na gindin matakala. Kada ki wahalar da kanki kina laluben ƙarƙashinsa, na koyi darasi, munduwar tana wuyana a ɗaure da igiya. Loɓar tana nan, maƙeri ya ce zai gyara na hana shi.

Sa'ad da muka taɓa gaɓa zan sauko daga sitiyari kamar kullum. Zan yi takun nan goma ido a ƙasa, ina kallon takalmana, duka biyun. Ba zan ɗaga kai ba sai na zo daidai bencin. In na tarar da shi wayam, ba zan yi ihu ba, ba zan bi ki tasha ba, zan hau ɗaya sitiyarin in mai da mutane gida, don suna da abin yi. Sai dai daga ranar har ranar da ƙafata za ta kasa hawa matakala, sau arba'in a rana zan rage tafiya a daidai wurin, kuma kowa ya zauna a bencin nan zai sha harara bai san laifinsa ba. In kuwa na ga ƙafafunki a wurin, zan tsaya, in gyara murya, in ce, "Baiwar Allah, mun iso." Kin san amsar. Ke kika ƙirƙiro ta.

An ɗaga gada, fasinja sun fara zagina, dole in ajiye alƙalami.

Naki har ruwan mashigin nan ya ƙafe a shuka lalo a cikinsa, mutumin ruwa guda ɗaya tak da ke tafiya sau arba'in a rana ya dawo sau arba'in,

Atiyya, matuƙin lamba biyu.